Malam Zakariyya'u da Takardar Ebenezer

A Makera, duk wanda ka tambaya shagon Malam Zakariyya'u zai nuna maka, amma sai ya ɗora maka da gargaɗi. Mai shayi zai ce ka tafi da haƙurinka a aljihu. Mai faci zai ce aikin mutumin ba na biyunsa, sai dai taurin kai kam Allah ya ba shi. Kuma duk gaskiya suka faɗa. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin wani tela da mai sayar da kayan masarufi, ko allon suna babu. Amma daga Barnawa, daga Sabon Tasha, har daga tsallaken kogi samari ke zuwa ya haɗa musu kwamfutar buga gem. Ita irin wannan kwamfutar ba a sayenta a dunƙule kamar rediyo. Ɗaya bayan ɗaya ake zaɓo kayanta, kowanne a kwalinsa, a zauna a harhaɗa. Idan aka kuskure wajen zaɓen abu guda, sauran sun tashi a banza.

Malam Zakariyya'u mutum ne siriri, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, da furfura a gemu da tabarau rataye a wuya. Abin dariyar shi ne, shi kansa bai iya buga gem ba. Idan aka miƙa masa abin riƙewar, ɗan wasansa bango yake nufa ya tsaya cak. Shi abin da yake kallo daban: zafin na'ura, ƙarar fanka, da yawan wutar da take sha.

Asalinsa ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kakuri. Ya shiga yana saurayi, ya yi shekara goma sha huɗu yana bin wayoyi a cikin rufi, har ranar da aka rufe masaƙar aka sallami kowa. Wannan abu ya doke shi ba kaɗan ba. Shekara guda cur ya yi a ɗaki a gidansu na Unguwar Mu'azu, matarsa Ladi na suyar waina a ƙofar gida tana riƙe da su. Kowa lallaɓa shi yake. 'Yan uwa su leƙo su ce sannu, maƙwabta su yi ƙasa da murya idan sun zo wucewa. Shi kuwa kowace sannu ji yake kamar an ƙara danna shi cikin katifa. Wanda ya fito da shi wani direba ne maƙwabcinsa, Tagwai, mutum marar sakaya zance. Ya shigo da mataccen rediyon mota ya dire masa a gaba, ya ce, "An ce hannunka ya mutu, na ce bari in zo in tabbatar kafin in kai wa masu iyawa." Zakariyya'u ya fusata, ya jawo rediyon gabansa. Kafin la'asar rediyon na magana.

Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan kwamfutocin masu buga takardu, har zamani ya kawo shi kan na 'yan gem. A wannan tafiyar ya kafa wa kansa ƙa'ida biyu, kuma a kansu ake kiransa mai taurin kai. Ta farko, ba ya zaɓen ko sukuru ɗaya sai ya je ya ga ɗakin da kwamfutar za ta zauna, ya auna wutar gidan da mitarsa. Ta biyu, ba ya buɗe kwali sai mai kaya na zaune a shago, ya yanke ledar da hannunsa, don kada gobe wani ya ce an musanya masa sabo da na hannu. Attajirai sun yi fushi a kan wannan, wasu sun tafi ba su dawo ba. Ko a jikinsa.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara, da hantsi, wata mace ta yi sallama a ƙofar shagon. Za ta yi shekara talatin da biyar, sanye da farar rigar ma'aikatan jinya, da alama daga aiki take. Ta ce sunanta Vivian, daga Narayi. Ta ciro takarda a ninke daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ƙanena ne ya rubuta. Kwamfuta yake so a haɗa masa."

Malam Zakariyya'u ya sa tabarau. Rubutu ne tsaf, kowane kaya da sunansa da lambarsa, har an ja layi da rula. Ya karanta sau biyu. Vivian ta zauna a bakin benci ta ba shi labari. Ƙanen nata Ebenezer ne. Shekara takwas ya yi yana hawa dogayen ƙarafan sabis na wayar salula, yana ɗaura faranti da batura. Shekara biyu da suka wuce ya faɗo, ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafun suka daina aiki. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai ƙetare ƙofar gida ba. Abokai sun yi zarya har sun gaji. Mutanen coci sun zo da waƙa, ya juya musu baya. Sai makonni uku da suka wuce, haka kawai, ya ce ta ba shi biro da takarda.

"Ni ban san kan kwamfuta ba, Baba," in ji ta. "Ƙanena nake so ya dawo. Wannan takardar ce abu na farko da ya nema da bakinsa a shekara biyu. Don Allah kada ka canza masa komai a ciki."

Tausayinta ya kama shi, don ya san irin ɗakin da take magana a kai. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Sai na ga ɗakin, 'yata."

Washegari bayan azahar ya hau napep zuwa Narayi, da mitarsa a cikin tsohuwar jakar fata. Da gangan ya zaɓi lokacin, don a nan rana ke nuna halinta. Gidan ciki biyu ne da falo, rufin kwano, silin ɗin ɗakin Ebenezer ya yi ƙasa har mai tsawo zai taɓa shi. An ja labule, fanka na juyawa a kasalance, zafi kuwa kamar gidan burodi. Ebenezer na zaune a keken guragu kusa da gado, ƙaton saurayi mai faɗin kafaɗa, gashi ya taru a kansa. Ya amsa gaisuwa da ƙyar, idonsa a kan waya.

Malam Zakariyya'u bai ce masa sannu da jiki ba. Ya durƙusa ya soka mita a soket, ya ga wutar unguwar ba ta ko kai ɗari da saba'in ba, alhali sama da ɗari biyu ya kamata ta kai. Ya fita ya duba inbatar gidan, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir, 'yar ƙarama mai batir ɗaya, ga firji da fankoki duk a kanta. Ya dawo ya dafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya dubi silin. Sannan ya tambayi wane gem ake so a buga. Ebenezer ya ce ƙwallo da tseren mota.

"Takardar nan kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"Wanda ya rubuta ta ya yi bincike, ba shakka. Amma ba don ɗakin nan ya rubuta ba."

Vivian da ke tsaye a bakin ƙofa ta runtse ido. Shi kuwa ya ci gaba, a hankali, yana bin takardar da yatsa. Katin hoto, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a allo, Ebenezer ya zaɓi babban cikinsu. Shi kaɗai zai sha wuta fiye da firji da fankokin gidan a haɗe. Idan aka ƙara da furosesar da ya rubuta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, inbatar nan ba za ta ɗauka ba, kafin alƙalin wasa ya busa gidan ya ɗauke ɗif. Kesin ɗin da ya zaɓa, wato akwatin da ake jera kayan a ciki, na gilashi ne ta ko'ina, mai fitilu, kyakkyawa a hoto, amma a wannan ɗakin kayan ciki dahuwa za su yi. Abin sanyaya furosesa kuma mai ruwa ya rubuta, wanda ranar da ya fara yoyo sai dai a yi ta'aziyya.

Sai a lokacin Ebenezer ya ajiye waya ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, ni za ka koya wa wuta? Shekara takwas ina ɗaura sola da batir a inda kai ko kallo ba za ka iya ba."

"Na sani. Shi ya sa ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ka haɗa abin da na rubuta, ko ka bari."

"To, na bari," in ji Malam Zakariyya'u, yana naɗe wayar mitarsa. "Idan kana ganin ban yi daidai ba, shagona na Makera. Akwai irin katin nan a kan bencina yanzu haka, wani ya kawo a share masa. Ga mita. Ka zo ka auna da kanka. Dama ni ba na buɗe kwali sai mai kaya na zaune a gabana."

Ya ajiye takardar a kan gado ya fita. Vivian ta biyo shi har bakin titi, ranta a ɓace.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Na roƙe ka. Yanzu ka ce ya zo shagonka, da wace ƙafar?"

"Napep na zuwa Makera, 'yata."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganin mutum marar imani irinsa ba, ta juya ta koma ciki ba sallama.

Da ya ba Ladi labari a gida, yana tsammanin za ta goya masa baya, ai kuwa ta yi masa tatas. Ya ce mata lallaɓawa ce ta kusa kashe shi a wancan lokacin, ita ma shaida ce. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Malam, kai ƙafafunka lafiyarsu ƙalau, zuciya ce kawai ta kwanta maka. Yaron mutane bayansa ya karye. Don abu ya yi maka magani ba shi ne zai yi wa kowa ba. Idan ya yaga takardar ya koma ya juya wa duniya baya, me za ka ce wa yayarsa?" A daren nan tuwon ma kaɗan ya taɓa.

Shi dai bai san wata hanya ta ba da haƙuri ba sai aiki. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce za a dawo, amma ya zauna ya fara zaɓa wa ɗakin Narayi kayan da suka dace da shi. A nan ne ake gane Malam Zakariyya'u. Samari daga katin hoto suke farawa, don shi ne abin nunawa a waya. Shi kuwa daga fawa-fak yake farawa, ɗan akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa kowa. Ya ce shi ne uwar gida, idan ta samu matsala kowa ya kwana da yunwa. Ya ɗauko guda uku daga kanta, ya jinjina kowanne a hannu, don mai kyau nauyi gare shi. Ya ware wanda ke jure wuta ko ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Daga nan ya zaɓi furosesa matsakaiciya wadda ba ta cika zafi ba, da madabod ɗin da ya dace da ita, wato faifan da kowane kaya ke zama a kansa. Ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki, ya ɗauki sanda biyu maimakon ɗaya babba, don biyun sun fi sauri idan suna aiki tare. Ma'ajiya ya ɗauki irin ta zamani marar juyawa, wadda ɗaukewar wuta ba ta cika lalatawa ba. Katin hoto ya zaɓi wanda zai buga ƙwallo da tseren mota sumul ba tare da ya durƙusar da inbata ba. Kesin ne ya fi ba shi wahala. Yana son mai raga a gaba don iska ta ratsa, kuma yana son wanda maɓallin kunnawarsa ke gaba ba a sama ba, saboda mutumin da ke zaune a keke kada ya yi ta miƙa. Bai samu a Kaduna ba, sai da ya sa aka ɗoro masa a motar Legas. Ya haɗa da ƙatuwar fankar furosesa, mafi girma da ya samu, yana tuna zafin bangon nan da ya dafa.

Kwalayen suka taru a lungun shago, a rufe, ba wanda ya taɓa ledarsu. Kwana uku shiru. Kwana biyar shiru. Ya kira Vivian sau biyu ba ta ɗauka ba. Duk napep ɗin da ya rage gudu a gaban shago sai ya ɗaga kai. Tela maƙwabcinsa ya lura har ya fara tsokanarsa, wai ko amarya yake jira. Maganar Ladi kuwa ta ƙi barinsa. Ya shiga tunanin ko girman kai ne ya yi wa suna ƙa'ida, ko ya je ya taka ɗan abin da ya rage wa bawan Allah.

A rana ta goma, da safe, ya yanke shawara. Ya ɗauko babban buhu ya fara jera kwalayen a ciki. Zai kai su Narayi da kansa, a buɗe su a can, ya ba da haƙuri. Shekara goma sha biyar bai taɓa yi wa kowa haka ba, kuma yana yi yana jin kunya da sauƙi a lokaci guda. Yana cikin ɗaure bakin buhun ya ji napep ya tsaya, ya ji ana sauke wani abu mai ƙarar ƙarfe.

Keken guragu ne direban ke warewa. Vivian na gefe, fuskarta a ɗaure. A cikin napep ɗin kuwa ga Ebenezer, an yi aski, an sa riga mai guga, da littafin rubutu a cinyarsa. Yana ƙifta ido saboda hasken rana, amma ransa a haɗe yake kamar wanda ya zo kotu.

"Na zo in nuna maka kuskurenka," in ji shi, tun kafin a gama zaunar da shi.

Malam Zakariyya'u ya sa ƙafa ya tura buhun ƙarƙashin benci. Daɗi ya cika shi har wuya, amma ya sha mur ya ce, "Bismillah, shigo."

Ashe kwana taran nan Ebenezer bai yi su a kwance ba. Lissafi ya cika shafi shida da shi, na abin da kowane kaya zai sha da abin da inbata za ta iya bayarwa. Vivian ta faɗa daga baya cewa kwana biyun farko ko abinci bai ci ba don haushi, a na uku ya sa ta karanto masa rubutun da ke jikin batir, a na takwas ya ce a kira mai aski.

Malam Zakariyya'u bai yi gardama da lissafin ba. Ya jawo kwamfutar da ke da babban katin, ya kunna tseren mota, ya miƙa wa Ebenezer mita ya ce ya riƙe da kansa. Motoci suka fara gudu a allo, lambar mita ta fara hawa. Ta wuce inda lissafin littafin ya tsaya, ta ci gaba, fankokin na huci kamar za su tashi. Ebenezer ya dubi mita, ya dubi littafinsa, ya sake duban mita. Ya kai bayan hannunsa kusa da iskar da ke fitowa, ya janye. Malam Zakariyya'u ya juya baya ya kama goge wani abin da ba ya buƙatar gugewa, don ya san ba a kallon namiji a irin wannan lokacin.

"A takardar kamfani ba haka suka rubuta ba," in ji Ebenezer can ƙasa-ƙasa.

"Su a ɗaki mai sanyi suka auna."

Ebenezer ya rufe littafin. Vivian na jiran ya ce a mai da shi gida. Sai ya ce, "To, mu ga naka."

Aka jawo buhu daga ƙarƙashin benci. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa kayan ke ɗaure a buhu, amma Vivian ta dubi buhun ta dubi tsohon, fuskarta ta ɗan saki. Ebenezer ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya kamar jami'in kwastan. Me ya sa wannan fawa-fak ɗin? Me ya sa ram biyu? Kowace tambaya da amsarta. Da ya zo kan kesin ya ga inda maɓallin yake, ya ɗaga kai ya dubi tsohon, sannan ya wuce. Sai ya ɗauki kwalin fankar furosesa, ya juya shi, ya dubi kesin ɗin, ya kanne ido ɗaya.

"Wannan ba za ta shiga ba."

"Za ta shiga."

"Baba, ni da ido nake auna ƙarfe a sama, inda ba a hawa da abin awo sau biyu. Ta fi faɗin kesin ɗin nan tsawo. Murfin ba zai rufu ba."

Aka aro tef ɗin awo wurin tela. Aka auna. Fankar ta ɗara da kusan faɗin yatsa. Garin neman kesin mai maɓalli a gaba, Malam Zakariyya'u ya manta cewa wannan ya fi wanda ya saba da shi matsewa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake aunawa, abin dai bai canza ba.

"Ka yi gaskiya," in ji shi. "Na yi kuskure."

Tela, wanda ya biyo tef ɗinsa ya tsaya a ƙofa, ya rantse cewa shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka bai taɓa jin wannan magana daga bakin nan ba. Ebenezer ya yi dariya, gajeriya, kamar wanda ya manta yadda ake yi. Vivian ta fita waje da sauri, wai za ta sayo ruwa.

Daga nan gardama ta koma shawara. Ebenezer ya buɗe wani shafi ya nuna cewa idan aka cire firji daga kan inbata aka ja masa layinsa daban, za a samu sararin ɗaukar katin da ya ɗara na Malam da mataki ɗaya. Malam Zakariyya'u ya bi lissafin da yatsa har ƙarshe, ya ga ba inda ya karkace, ya yarda. Sai dai katin da sabuwar fankar duk daga Legas za su zo, kwana huɗu ke nan. Ebenezer ya ce zai riƙa zuwa yana dubawa, tunda an ga abin da ke faruwa idan ba a sa ido ba.

Haka aka yi. Kullum da safe napep ya kawo shi, da yamma ya mai da shi. Ranar farko kallo kawai ya yi yana gyara wa mutane zance. Rana ta biyu Malam Zakariyya'u ya miƙa masa sukudireba ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan sukurorin nan sosai, alhali kowa a layin ya san mutumin nan zai iya tsinto gashi a cikin madabod. Da rana su ci shinkafa da wake a kwano ɗaya, suna musu a kan batura. Idan an kira salla Malam ya bar masa shagon ya tafi masallaci. Hannun Ebenezer kuwa ba a magana, wayoyin da yake ɗaurewa a bayan kesin sai ka ce kitso.

Ranar Asabar kaya suka iso. Ebenezer ya yanke ledar kowane kwali da kansa, ya zaunar da furosesa, ya danna ram har ta yi ƙas, ya sa katin hoto a mazauninsa. Aikin da Malam Zakariyya'u kan gama cikin awa biyu ya kai su har la'asar, kuma ba wanda ya yi gaggawa. Aka rufe murfi, ya rufu lif. Ebenezer ya danna maɓalli, fankoki suka juya ba ƙara, allo ya kawo. Aka sa ƙwallo, fili ya fito kore shar, mita ta tsaya daidai inda lissafinsu ya ce. Vivian, wadda ta zo ɗaukarsa, ta yi ta godiya har tana rasa abin faɗa.

Malam Zakariyya'u ne kaɗai farin cikinsa bai cika ba. Yana naɗe kwamfutar a bargo don kada hanya ta jijjiga ta, yana tunanin abin da ya haɗa da hannunsa. Na'ura ce mai kyau, ba za ta yi zafi ba, ba za ta ɗauke ba. Mutum zai iya zama a gabanta daga safe har yamma, shekara da shekaru, bai nemi ƙofa ba. Kwana biyar ɗin nan ya ga saurayin yana dawowa cikin mutane, ga shi yanzu ya ba shi dalilin komawa ɗaki. Ya so ya ce wani abu, amma shi ba gwanin irin wannan magana ba ne.

Aka sa kwamfuta a napep. Direban da Malam Zakariyya'u suka kama keken ta gefe biyu suka sauko da Ebenezer daga matakala biyun ƙofar shagon. Da ƙafafun keken suka taɓa ƙasa, Ebenezer ya juya ya harari matakalar.

"Baba, abin nan ya ishe ni. Kullum sai an ɗaga ni kamar buhun masara. Ran Litinin ka sa a kawo siminti da yashi, ni zan nuna wa magini yadda zai yi gangaren. Ba zan riƙa zuwa aiki ana ɗaukata ba."

Malam Zakariyya'u ya dubi matakalar. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wa ya ce ya ɗauke ka aiki?"

"Ƙarfe tara zan iso," in ji Ebenezer. "Kada in tarar ba a fara ba."

Napep ya ja, Vivian na rungume da kwamfutar a baya, tana kallon ƙanenta ba ta ko ƙiftawa. Malam Zakariyya'u ya tsaya a bakin titi har suka sha kwana. Bai jira Litinin ba. Ko shagon bai rufe ba, ya ce wa tela ya duba masa, ya tsallaka titi wurin mai siminti.